Mama Malama da ajin yara: shaida a kan aikinta

A wani ƙauye da ke yankin Malumfashi a jihar Katsina, an yi wata mata da ta riƙe ajin yara na Makarantar Lahadi tun tana goyon ɗanta na fari har jikokin ɗalibanta na farko suka zo suka zauna a gabanta. Babu mai kiran sunanta. Mama Malama kowa yake ce mata, har fasto da dattawan ikilisiya. Ta riga mu gidan gaskiya, amma malaman da ta horar suna nan a majami'u da dama, kuma daga bakinsu aka haɗa wannan shaida.

A gidan gargajiya aka haife ta, cikin Hausawan da ake kira Maguzawa. Mahaifinta ne mai kula da kan gida, shi yake yanka zakara idan damina ta gabato ko ciwo ya shigo. Abin da ta tashi da shi shi ne tsoro: kada a bi ta gindin tsamiya da tsakar rana, kada a watsa ruwan zafi a tsakar gida da magariba, kada a yi fito da dare. Kowace cuta akwai iskar da aka ɓata wa rai. Tana budurwa wani mai bishara na ikilisiyar Kirista da ake kira ECWA ya fara zuwa ƙauyen, a shekarun da ikilisiyar ta soma tsayawa da ƙafarta bayan an kafa ta a 1954 daga aikin ƙungiyar mishan ta SIM (Sudan Interior Mission). Karatun boko kuwa a ajin Yaƙi da Jahilci ta koye shi, kuma littafin da ta fara karantawa daga bango zuwa bango shi ne Littafi Mai Tsarki na Hausa, tsohuwar fassarar 1932. Da mijinta ya tafi makarantar Baibul ta Tofa kusa da Kano, ta bi shi, ta zauna a ajin matan ɗalibai. Iyakar karatunta ke nan.

Abin da ya juya aikinta ya faru ne bayan sun dawo gida. Ƙyanda ta shigo ƙauyen ta ɗauke yara da yawa, har da 'yarta mai shekara uku. Bayan an tashi daga zaman makoki ta je wurin fasto, ta durƙusa ta ce, “Baba Fasto, ina 'yata take yanzu?” Tsohon bai yi mata dogon bayani ba. Ya buɗe 2 Sama'ila 12:23, inda Dawuda ya ce shi zai tafi wurin yaron da ya rasu amma yaron ba zai komo wurinsa ba. Ya buɗe Farawa 18:25, inda Ibrahim ya tsaya a kan cewa Mai shari'ar dukan duniya zai yi abin da yake daidai. Sai Markus 10:14, inda Yesu ya ce a bar yara su zo wurinsa. Ya ce, “'Yata, abin da aka rubuta ke nan. Kada ki ƙara, kada ki rage.” Daga ranar nan ta riƙe wannan a matsayin ka'idar koyarwarta a kan shari'ar Allah, kuma ita ce ta sha maimaita wa malamai: a faɗa wa yaro gaskiya, a tsaya inda Littafi ya tsaya.

Ta san abin da take gudu. A wasu shekaru an yi yayin kawo majigi a majami'u, ana nuna finafinan ƙarshen duniya da dare, manya da yara a tabarma ɗaya. Ana gamawa a ce mai son ya tsira ya ɗaga hannu, yara duka su ɗaga. Wata mai zuwa wani mai wa'azi ya zo da maganar wuta, yaran nan dai su sake ɗagawa. Masu ƙidayar hannuwa suna murna, ita kuwa tana ganin abin da yake biyo baya: yaron da ya daina fitsarin kwance ya koma yi, yarinyar da ba ta iya barci idan ana tsawa don tana tsammanin ƙahon ƙarshe ne. Ta kan ce wa sababbin malamai, “Ɗana, ni a cikin tsoro na girma, na san aikinsa. Yana sa yaro ya yi shiru, amma ba ya jawo shi kusa.” Ba ta taɓa cewa a ɓoye maganar hukunci ba. Wanda ya ɓoye ta ma, a ganinta, ya cuci yaron. Rigimarta a kan lokaci take da kuma jeri.

Ga yadda ta tsara shekara. Daga Janairu zuwa Ista, bikin tashin Yesu daga matattu, rayuwar Yesu ake bi daga Bisharar Markus, domin ita ce mafi gajarta, sura 16 ce, kuma aiki ya fi magana yawa a cikinta. Ana kaiwa ga gicciye da tashi daga matattu daidai lokacin bikin. Da damina sai Tsohon Alkawari: halitta, faɗuwar Adamu, Nuhu, Ibrahim, Yusufu, Musa da Dokoki Goma. Maganar ranar shari'a sai kaka, lokacin da kowane yaro yake ganin girbi da sussuka da idonsa. Disamba kuma haihuwar Almasihu. Dalilinta yana Yahaya 5:22, inda aka ce Uba ya danƙa dukan shari'a ga Ɗan. In haka ne, sai yaro ya san fuskar Alƙalin kafin a kai shi kotu. Yaron da ya shafe wata uku yana jin yadda Yesu ya taɓa kuturu, ya ta da 'yar Yayirus, ya mutu saboda masu zunubi, in aka ce masa wannan Yesun ne zai zauna a kursiyin shari'a, abin da yake ji dabam ne da na yaron da aka fara masa da tafkin wuta.

Shekaru ma ta raba su. 'Yan ƙasa da shekara shida abu biyu kawai take dasa musu: Allah yana ganinka, Allah yana ƙaunarka, kuma ba ta yarda a faɗi na farko ba tare da na biyu ba. 'Yan shida zuwa tara su ne masu labarin Nuhu, amma sai an kai har bakan gizo a darasi ɗaya. Malamin da lokaci ya ƙure masa ya sallami yara ana tsakiyar ambaliya ya yi ɓarna, domin da gawawwaki a ruwa za su kwana har mako guda. 'Yan goma zuwa sha biyu ake buɗe wa Romawa 14:12 da 2 Korantiyawa 5:10, cewa kowa zai ba da lissafin kansa, da labarin mai arziki da Li'azaru a Luka 16. Wahayin Yahaya sura 20 kuwa ta bar wa ajin baftisma, inda fasto yake da lokacin amsa tambayoyi.

Darasinta na kaka da aka fi tunawa shi ne na Matiyu 3:12, inda aka kwatanta shari'a da shiƙar hatsi a masussuka. Takan zo da faifai da ƙwarya, da gero ɗan kaɗan wanda aka sussuke ba a sheƙe ba. Ta sa yara su koma gefen da iska take fitowa don kada ƙaiƙayi ya shiga musu ido, ta ɗaga ƙwaryar ta rinƙa zubowa. Ƙwayar ta faɗo a faifai, ƙaiƙayin ya bi iska. Sai ta tambaya, “Yarana, don me uwarku take shiƙa?” Wani ya ce don a zubar da ƙaiƙayi. Ta ce, “To, wa ya taɓa noma gona wata huɗu saboda ƙaiƙayi?” Su yi dariya. Sai wata ta ce don a sami gero. Ta ɗebi geron a tafin hannu ta zaga da shi kowa ya taɓa, ta ce abin da mai gona yake so ke nan, shi zai kai rumbu. Sa'an nan ta karanta ayar har ƙarshenta, har inda aka ce za a ƙone ƙaiƙayin, ba ta tsallake ba, ba ta kuma ɗaga murya ba. Darasin duka ba ya wuce minti goma sha biyu.

Matiyu 25:31-46, inda Yesu a matsayin Sarki zai raba mutane kamar yadda makiyayi yake ware tumaki a dama, awaki a hagu, ya fi sauƙi a ƙauye, don babu yaron da bai taɓa ware tumaki da awaki ba. Abin da take so su ƙirga da yatsa shi ne abubuwa shida da Sarkin ya ambata: yunwa, ƙishirwa, baƙunci, rashin sutura, ciwo, kurkuku. Kowane yaro ya zaɓi ɗaya da zai iya yi kafin Lahadi mai zuwa, ko ɗebo wa tsohuwa ruwa, ko kai wa maras lafiya kunu. Amma akwai ramin da malamai suke faɗawa a nan. In aka tsaya a kan aikin kawai, yaro zai ɗauka da tulun ruwa ake sayen sama. Saboda haka takan haɗa darasin da Afisawa 2:8-10, inda aka ce ceto kyautar Allah ce ba ladan aiki ba, a rana ɗaya, ta kuma nuna musu cewa na hannun dama ɗin ma ba su san sun yi wani abin kirki ba, tambaya suka yi, yaushe muka gan ka?

Abin da ya fi ɓata mata rai shi ne a mai da hukuncin Allah bulala. Yaro ya zubar da miya, uwa ta ce Allah zai ƙone ka. Ya yi surutu a aji, malami ya ce 'yan wuta ne masu surutu a majami'a. Ta sha tsayawa a taron Zumuntar Mata a kan wannan. Ɓarnar iri biyu ce. Da fari yaro yana haɗa fushin uwarsa da fushin Allah, ya ɗauka Allah ma mai saurin hasala ne a kan abin da bai kai ya kawo ba. Daga baya, in ya kai shekara sha huɗu ya ga an yi ta yi masa barazana ba abin da ya faru, sai ya tattara maganar shari'a gaba ɗaya ya ajiye ta tare da tatsuniyar Dodo. Laifin gida, a ganinta, a hukunta shi da sunan dokar gida.

Akwai wani gefen da ba kasafai ake koya wa yara ba, ita kuwa a nan ta fi daɗewa. A Zabura 96 da 98, zuwan Ubangiji don ya yi wa duniya shari'a abin waƙa ne: itatuwan jeji suna murna, koguna suna tafi. A kowane aji akwai maraya da ake ba ƙanzo bayan 'ya'yan gida sun ci, akwai wanda aka doka a kan satar da bai yi ba, akwai 'yar da aka ƙwace wa uwarta gona bayan rasuwar uba. Waɗannan ba sa bukatar a tsorata su da shari'a. Bukatarsu su ji cewa akwai ranar da Wanda ya ga komai zai daidaita komai, kuma ba a ba shi toshiyar baki. Shi ya sa a makonnin kaka take sa ajin ya haddace Zabura 98:8-9, su rera ta da tafi. Ta nan maganar hukunci ta shiga cikin sujada a ajinta, ba a ware ta a matsayin ranar ɗaure fuska ba.

Sujadar yara kuwa tana da ma'auninta. Awa ɗaya ce a takarda, amma minti arba'in da biyar take aiki da su, sauran na zama ne da kiran suna. Waƙa biyu, ɗaya daga Littafin Waƙoƙi ɗaya ta tafi da kacau-kacau. Ta nace a kan ta littafin, baiti ɗaya a wata, domin yaron da ya girma da gajerun amshi kaɗai yakan zama baƙo ranar da ya shiga sujadar manya. Addu'ar buɗewa ba ta wuce jimla huɗu ko biyar, kuma yaro ne yake yin ta. Malamin da ya rufe ido ya yi minti biyar yana addu'a, in ya buɗe zai tarar ana dambe a baya. Daga nan bitar ayar makon jiya, labari, tambaya uku, sabuwar hadda, baiko (kyautar da ake kawo wa Allah a majami'a), Addu'ar Ubangiji. Tambayoyin ukun ba sa canzawa: me ya faru, me wannan ya nuna mana game da Allah, me za mu yi. Ta hana a fara da ta ukun, don in an saba da haka kowane labari sai ya koma “ku yi biyayya”, Dawuda da Goliyat ma su zama darasin ladabi.

Malami ɗaya, yara ashirin. In sun haura haka a raba ajin ko da a gindin itace ne, a sa babba ɗaya daga ajin baftisma ya taimaka.

A wajen hadda ta ɗauki darasi daga maƙwabtanta Musulmi, kuma ba ta ɓoye ba. Ta ga yadda almajiran makarantar allo suke riƙe karatu saboda maimaitawa da murya kullum, kaɗan-kaɗan. Ita ma sai ta rubuta aya a baƙin allo, aji ya karanta sau uku, ta goge kalma ɗaya, a sake karantawa, ta goge wata, har allon ya zama fanko suna faɗa. Ana faɗin sura da aya a farko da kuma a ƙarshe, in ba haka ba yaro zai riƙe maganar ya manta inda take. Ƙanana ba a ba su abin da ya wuce kalma goma. Lahadin ƙarshen wata babu sabuwar aya, bita ce kawai. Abu biyu suke rushe hadda. Ɗaya alewa: in aka saba da ita, ranar da babu ba mai buɗe baki, kuma yara uku masu kaifin ƙwaƙwalwa ne suke cinye ta kullum, sauran su yanke ƙauna. Na biyu cakuɗa fassara. Da sabuwar fassarar 1979 ta shigo, ita kanta bakinta ya riga ya saba da sunayen littattafai na tsohuwar fassara, irin su Matta da Yohanna da Kubawar Shari'a, amma ta sa aka tsai da fassara ɗaya don aji, ta kuma gaya wa iyaye wacce ce, domin yaron da ake gyara masa aya a gida da wata fassara dabam yakan rikice ya bar ta.

Baiko ma koyarwa ne. Ba ta son kuɗin da uwa take cusa wa yaro a hannu a bakin ƙofar majami'a. Ta roƙi iyaye su yanka wa duk yaron da ya kai shekara takwas 'yar gayauna, ko kunya biyu ta gyaɗa, ko a ba shi kaza ɗaya. Ranar godiyar kaka ya kawo daga abin da ya yi wa gumi. Yaron da ya auna gyaɗarsa kwano goma ya ware ɗaya da hannunsa ya gane ushiri fiye da wanda aka yi wa wa'azinsa.

Duk da haka ta fi kowa sanin iyakar ajinta. Mako yana da awa 168, nata ɗaya ce. Maimaitawar Shari'a 6:7 iyaye ta ɗora wa aikin, ta kuma ambaci lokaci huɗu: zaune a gida, tafiya a hanya, kwanciya, tashi. Timoti, abokin aikin manzo Bulus, ma a hannun kakarsa Loyis da uwarsa Afiniki ya san Littattafai tun yana ɗan yaro. Saboda haka da yamma takan zaga gidaje tana kafa sujadar iyali, kuma tsarin da take bayarwa ƙarami ne da gangan: bayan tuwon dare kafin yara su fara gyangyaɗi, waƙa ɗaya, aya biyar zuwa goma, tambaya ɗaya, addu'a, minti goma a tashi. Yaron da ya iya karatu shi zai karanta, ko da yana tuntuɓe. Gidan da babu mai karatu, yaro ya faɗi ayar da ya haddace, uba ya yi addu'a. Ta lura abin da yake kashe sujadar iyali ba lalaci ba ne, zafin farawa ne: maigida ya dawo daga taron farkawa ya ce kullum awa ɗaya da asuba, kafin mako biyu an watse. Na biyunsa kuma shi ne uban da yake mai da lokacin addu'a zaman tuhuma, yana lissafa laifofin yini. Ta kan ce masa, “Baban yara, ka yi faɗanka da rana. In an buɗe Littafi kai ma ɗa ne.”

Yaran da iyayensu ba masu bi ba ne sukan biyo abokansu saboda waƙa. Ba ta korarsu, amma ba ta rubuta sunan kowa a rajista sai ta je ta gai da iyayen ta nemi izini. In suka ce a'a, a'a ce. Wannan ya sa har ta tsufa babu gidan da aka rufe mata ƙofa a ƙauyen.

Ta yi saɓani da wasu dattawa a kan zaman yara a babbar sujada. Su suna so a kwashe su tun daga farko saboda hayaniya. Ita ta ce yaron da bai taɓa ganin ubansa ya sunkuyar da kai yana addu'a ba, bai taɓa ganin ana rarraba Jibin Ubangiji, gurasa da ƙoƙon tunawa da mutuwar Yesu, ba, ranar da ya gama Makarantar Lahadi ba shi da inda zai shiga. Aka daidaita a kan cewa yara su zauna kusa da iyayensu har a gama waƙoƙi da karatun Littafi, a yi musu addu'a, sa'an nan su fita kafin wa'azi. 'Yan sama da shekara goma kuma su zauna har ƙarshe sau ɗaya a wata. Masu ƙorafin hayaniya ba su daina ba, amma tsarin ya zauna.

Malaman da ta horar duk sun bi ta hanya ɗaya. Ranar Alhamis da yamma sabon malami zai zo gidanta ya ba ta labarin Lahadi da ka, littafi a rufe, tana tsinke zogale tana saurare. In ya ƙara abin da ba ya cikin nassi don labarin ya yi daɗi, sai ta ce, “Nuna mini.” In ya yi amfani da kalmar da ɗan shekara bakwai ba zai gane ba, kamar barata ko tsarkakewa, sai ta ce ya faɗa mata yadda zai faɗa wa ƙaninsa. Wanda ya zo ranar Lahadi da safe yana buɗe littafin darasi a karo na fari a gaban yara, ranar zai zauna a benci ya saurara. Rajista kuwa ba don ƙidaya take ba: yaro ya yi fashi sau biyu a jere, kafin Lahadi ta uku malaminsa ya je gidan, domin sau da yawa zazzaɓi ne, ko rashin riga, ko an tura shi kiwo.

A shekarunta na ƙarshe littattafan darasi na Turanci sun fara shigowa, da hotuna masu kyau. Ta ce a yi amfani da hotunan, amma labari da hadda da addu'a su tsaya a harshen da yaro yake kuka da shi. Ajin da ta bari yanzu ya kasu huɗu, uku suna da malamai biyu-biyu. Na huɗun, na 'yan sha uku zuwa sha biyar, shi ne har yau yake tangal-tangal, domin da an horar da matashin da zai riƙe shi sai karatu ko neman aiki ya kai shi Funtuwa ko Zariya ko Kano, a koma neman wani.